Kakanka Ya Sha Man Shanu Ya Kai Shekara 90, Kai Fa? Zaman Birni, Zaman Ƙauye da Kitsen Jini

 

Yau a kan kitsen jini za mu yi magana, wato abin da likitoci ke kira kolestarol. Na kuma san tun kafin in yi nisa akwai wanda ya riga ya tanadar mini amsa a ransa, amsar nan da ake bayarwa a kowace majalisa: "Malam, rabu da mu da zancen Turawa. Kakana a ƙauye kullum sai ya kwarara man shanu a tuwo, ya sha fura da kindirmo, kuma ya kai shekara 90 yana zuwa gona da ƙafarsa." To ni dai ban ƙaryata ka ba. Kakanka ya yi hakan, kuma za ka ji an jima cewa binciken likitoci ma ya goyi bayanka zuwa wani wuri. Tambayata ɗaya ce. Kai da kake zaune a Kano, ko Kaduna, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ka tashi daga katifa ka faɗa adaidaita, ka sauka ka zauna a shago ko aji ko ofis har la'asar sakaliya, jininka irin na kakan naka ne?

Bari mu fara da shi kansa kolestarol ɗin, don an ɓata masa suna da yawa. Wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma babu ƙwayar halitta ɗaya a jikinka da ba ta buƙatarsa a bangonta. Da shi jiki ke haɗa sinadaran da ke sa namiji ya balaga ya zama namiji, mace ta zama mace. Da shi ake yin ruwan ɗacin nan na matsarmama, mai narkar da mai a hanji. Mafi yawansa ma jikinka ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta. Ko ka rantse ba za ka sake cin nama da ƙwai ba har abada, hantarka za ta ci gaba da aikinta.

To kun san ruwa da mai ba sa haɗuwa, shi kuma jini kusan ruwa ne. Don haka kolestarol ba ya iya yawo a jini shi kaɗai, sai an ɗauke shi. Masu ɗaukarsa manya guda biyu ne. Akwai LDL, shi ne kamar motar raba kaya, yana ɗauka yana kai wa sassan jiki. Akwai HDL, shi kuma kamar 'yan bola-jari ne, yana bi yana tsince ragowar yana mayar wa hanta. Sai kuma wani maiƙon daban da za ka gani a takardar gwaji an rubuta TG, shi ne wanda jiki ke juya rarar abinci zuwa gare shi, musamman sukari da fulawa da farar shinkafa idan sun yi yawa.

Matsalar tana farawa ne idan LDL ya yi yawa, ya kuma daɗe yana yawo. Mutane suna ɗauka kamar laka yake taruwa a cikin kwata. A'a, cikin bangon jijiyar jinin yake kutsawa ya maƙale, jiki ya turo sojojinsa su cinye shi, su ma su mutu a wurin, a hankali bango ya kumbura, hanya ta tsuke. Wata rana kumburin ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Duk tsawon shekarun da abin ke ginuwa kuwa, babu zazzaɓi, babu ciwon kai, babu komai. Sai dai ka ji ana cewa "yanzu fa muka rabu da shi lafiya ƙalau."

Yauwa. Yanzu mu shiga ainihin maganar. Shin da gaske akwai bambanci tsakanin jinin ɗan birni da na ɗan ƙauye? Akwai, kuma a ƙasarmu ma an auna. A shekarar 2013, Dakta Anas Sabir na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a Sakkwato, inda suka kwatanta Hausa-Fulanin birni da na karkara. Matsakaicin kolestarol na mutanen birni ya kai kusan 176, na mutanen karkara kusan 148. Duka biyun suna ƙasa da 200 da ake ɗauka a matsayin iyaka, wannan gaskiya ne. Amma ku dubi tazarar, kusan maki 28, tsakanin mutanen da harshensu ɗaya, asalinsu ɗaya, wataƙila ma wasunsu dangin juna ne. Kuma matsakaici ne fa. Idan matsakaicin gari ya matsa sama haka, to adadin waɗanda suka haye 200 da 240 a cikinsa ya ƙaru ke nan.

Sai binciken da na ce zai faranta wa masu kaka rai. A 2001, wani masani daga Amurka mai suna Robert Glew tare da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gano a kan Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin abincin mutanen nan daga mai yake fitowa, nono da man shanu da manja, kuma rabin man nan irin mai daskarewa ne, wanda kowane littafin likita zai ce maka a rage. Da aka auna jininsu, sai ga shi lafiya lau, irin na mutanen da haɗarin ciwon zuciya ya yi musu nisa.

To kafin ka ruga kasuwa ka sayo kwalbar man shanu, tsaya ka ji dalilin da su masu binciken suka bayar. Mutanen nan jimillar abin da suke ci a rana kaɗan ne. Ba su da ƙiba. Ba sa shan taba. Kuma yininsu a ƙafa yake, bin shanu, tatsa, ɗebo ruwa, kai tallan nono kasuwa a dawo. Wato man yana shiga, amma ba ya samun wurin zama. Kakanka ya sha man shanu, eh. Amma da asuba ya fita da fartanya, gonarsa tafiyar awa guda ce, bai san lemon kwalba ba, nama kuwa sai ranar kasuwa ko suna ko sallah. Kai kuma man shanun kawai kake so ka gada, ka bar masa fartanyar. Ai kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Akwai wani babban bincike kuma da ya fi burge ni, don ya bi mutane iri ɗaya zuwa wurare daban-daban. Sunansa RODAM, an tattara bayanansa tsakanin 2012 da 2015, a kan 'yan Ghana kusan 6,000. Wasu suna ƙauyukan yankin Ashanti, wasu suna biranen Kumasi da Obuasi, wasu kuma sun yi ƙaura zuwa Landan da Balin da Amsterdam. Abin da aka gani shi ne yawan kolestarol da yawan LDL sun fi ƙaranci a ƙauye. Da ka shigo Kumasi sai su yi tsalle, har su kusa kamo na waɗanda ke Turai. Ku lura da wannan sosai: babban tsallen yana tsakanin ƙauye da birninmu na nan gida. Ba sai ka samu biza ba, motar da ta ɗauko ka daga ƙauyenku ta sauke ka a tasha ta isa.

Amma kuma binciken nan bai bar 'yan ƙauye su yi dariya ba. HDL, wato 'yan bola-jarin nan masu kwashe ragowa, ya fi ƙaranci a wurin mutanen ƙauyen Ghana. Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika faɗa ba. Ƙarancin kolestarol a jini ba kullum yake nufin ƙoshin lafiya ba. Zazzaɓin cizon sauro yana saukar da shi. Cututtukan da ke daɗewa a jiki suna saukar da shi. Yunwa ma tana saukar da shi. Mutumin da ke cin tuwo sau ɗaya a rana da damina kafin amfanin gona ya nuna, LDL ɗinsa zai yi ƙasa, amma babu mai hankalin da zai ce a yi koyi da shi. Shi ya sa ba na son yadda wasu 'yan birni ke yi wa ƙauye kirari a soshiyal midiya, suna zaune ƙarƙashin fanka. Wani ɓangare na "lafiyar" da ake yabo talauci ne kawai da ya hana mutum abin da yake so ya ci.

In kuma kana ganin kalmar "ƙauye" ita kanta magani ce, to bari in kai ka Finland, can arewacin Turai. Akwai wani yanki a can da ake kira Kareliya ta Arewa. Karkara ce sosai, manoma ne masu kiwon shanu da masu saran itace a daji, aikin ƙarfi ba ƙarya. Amma wajajen 1970 mazan yankin suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duk duniya, magidanta masu shekara 40 da 50 suna faɗuwa. Me ya jawo? Man shanu a kan burodi, madara mai kauri, nama mai kitse, gishiri, taba, ganye kuwa kusan babu. Kuma su, saɓanin Fulanin Jos, suna ci su ƙoshi. A 1972 aka fara wani shiri a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Aka bi gidaje da ƙungiyoyin mata da shaguna da kamfanonin abinci, aka sa mutane suka koma man tsirrai, suka rage taba da gishiri, suka ƙara kayan lambu. Cikin kusan shekara 40, mutuwar ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma saukar kolestarol na cikin manyan dalilan. Darasin da na ɗauka a nan shi ne aikin ƙarfi yana taimako ƙwarai, amma bai ba ka lasisin cin komai ba.

To mu dawo gida. Me birni ke yi wa jikin mutum takamaimai?

Abu na farko, yana ƙwace masa tafiya ba tare da ya sani ba. Babu wanda ya taɓa yanke shawarar "daga yau na daina motsa jiki." Kawai dai ruwa ya zo famfo ko mai kura ya kawo, niƙa ta koma inji, nisan da a ƙauye za a ce "nan da can ne", a birni sai an tsayar da ɗan acaɓa. Tun 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya lura cewa direbobin manyan motocin bas masu bene sun fi kwandastocinsu kamuwa da bugun zuciya. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma ɗaya yana zaune yini guda, ɗayan yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ka tuna da wannan in ka ga ɗan adaidaita da ya shiga tun bakwai na safe bai fito ba sai dare, ko tela, ko mai POS, ko mu masu zaman danna waya. Motsa jiki yana ɗaga HDL, yana saukar da TG, yana kuma hana tumbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi irin tafiya da sauri. Minti 30 ke nan sau biyar. Manomi da damina kafin hantsi ya gama na makonsa.

Abu na biyu kuma, a nan zan ɗan daɗe, shi ne abinci. Ɗauki yinin saurayi ɗan birni, ɗalibi ko mai sana'a, wanda ba ya girki. Da safe wurin mai shayi: burodi an shafe shi da bota, shayi an zuba madara da sukari cokali uku, in aljihu da nauyi a soya indomi da ƙwai biyu. Da rana shinkafa da mai da yaji, ko shinkafa da miya mai na iyo a kai, a kora da lemo mai sanyi. Da yamma awara ko ƙosai ko soyayyen dankali ko fanke. Da dare in an samu, tsire ko balangu, kuma har roƙon mai nama ake yi, "sa mini kitse-kitse." Ku faɗa mini gaskiya, a cikin yinin nan ina gero? Ina dawa? Ina wake, in ban da wanda aka soya? Ina ganye?

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan yana da hanyar da yake bi. Kitse mai daskarewa, irin na nama da man shanu da manja, yana sa hanta ta rage kwashe LDL daga jini, sai ya taru. Manja kusan rabinsa irin wannan kitsen ne, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Taliyar indomi da irinta, kafin ta zo hannunka an riga an soya ta a mai tun a kamfani, galibi man kwakwar manja, sannan kai ma ka ƙara naka. Madarar gari mai araha da yawa an cire mata man nonon an maye shi da man tsirrai, duba bayan leda za ka gani. Shi kuma man suyar bakin titi, wanda ake ɗorawa yau a ƙara sabo a kai gobe har ya koma baƙi, zafi yana lalata shi yana haifar da sinadaran da jijiya ba ta so. Ban ce laifin mai ƙosai ba ne, ita ma tsadar mai ce ta sa. Amma jijiyarka ba ta san uzuri ba.

Akwai kuma wani kitse da ya fi duka muni, wanda ake samu idan masana'anta ta daskarar da man tsirrai don ya daɗe bai lalace ba. Ana kiransa tirans. Shi yana ɗaga LDL kuma ya saukar da HDL a lokaci guda, duka biyu. A kan same shi a wasu nau'o'in bota da biskit da kek da kayan fulawa. Najeriya ta kafa doka ta hannun NAFDAC da ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, ta zama ƙasa ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu da ta yi hakan. Doka ta yi kyau. Amma mai da ake aunawa a kwalba a kasuwa, babu suna babu takarda, wa ya duba shi?

Bari in yi wata 'yar ratse. Kun taɓa ganin galan ɗin mai an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu kolestarol a ciki? Gaskiya suka faɗa, amma gaskiya ce ta 'yan kasuwa. Babu man tsiron da ke da kolestarol na a-zo-a-gani tun asali, a jikin dabba ake samunsa. Kamar mai sayar da ruwan leda ne ya rubuta "babu ƙashi a ciki." Abin dubawa shi ne yawan kitse mai daskarewa da ke cikin man. Shi ma ƙwai da ake ta tsangwama, ga yawancin masu lafiya, ƙwai ɗaya a rana ba shi ne matsalar ba. Man da aka soya shi a ciki da botar da ke jikin burodin sun fi shi laifi.

Sai sukari. Kwalbar lemo ta 50cl tana iya ɗauke da sukari kusan giram 50, fiye da cokalin shayi goma. Babu wanda zai zauna ya kamfaci cokali goma ya zuba a baki, amma a kwalba muna shanyewa kafin a gama gaisawa. Rarar nan hanta ce ke juya ta ta koma maiƙo, TG ya hau, HDL ya sauka, tumbi ya fito.

Abin da kuma birni ya cire daga kwano yana da muhimmanci kamar abin da ya ƙara. Gero da dawa da wake da kuɓewa da kuka da zogale da rama suna da harza, wato ɓangaren abincin nan mai kama da dusa da ciki ba ya narkarwa. Wani nau'in harzar, irin mai yauƙin nan na kuɓewa da wanda ke cikin wake, yana kama ruwan ɗacin matsarmama a hanji ya fita da shi ta bayan gida. Kun tuna na ce da kolestarol ake yin ruwan ɗacin? To dole hanta ta jawo wani daga jini ta ƙera sabo. Ka ga miyar kuɓewar da ake rainawa aiki take yi maka a ɓoye. Mu kuwa da mun shigo birni, abin da muke fara yi shi ne mu raina tuwon dawa, mu ce abincin ƙauye ne, a kawo shinkafa 'yar waje fara tas wadda aka kankare mata komai.

'Yan uwa mata, akwai taku ta musamman. Matar karkara tana surfe, tana daka, tana ɗebo ruwa da itace. Ba ina cewa wahalar nan abin so ba ce, wallahi inji rahama ne. Amma idan aikin ya tafi, ba a kawo komai a madadinsa ba, mace tana gida daga ɗaki sai kicin, to jiki zai nuna. Ga kuma al'adarmu da ke ɗaukar ƙiba alamar hutu, amarya in ba ta murje ba a ce mijin ba ya kula da ita. Har ta kai wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin ƙiba, su sha-ka-fashe. Da yawan ƙwayoyin nan akwai dezametazon a ciki, magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na daban. Shan sa barkatai yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga hawan jini, yana dagula kitsen jini, kumatun da kike gani kuma rabi kumburi ne. Don Allah a bari.

To shi ƙauyen yana nan yadda kakanka ya bar shi? Ina! Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Je ka kasuwar ƙauye yau ka gani: babur ya maye jaki da ƙafa, injin niƙa a kowace unguwa, katan-katan na taliya da biskit da lemon roba, mai shayi da kwanon suyarsa. A 2019 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani gagarumin nazari da ya nuna cewa daga 1985 zuwa 2017, fiye da rabin ƙaruwar nauyin jikin mutane a duniya daga karkara ya fito. Matan Afirka kudu da Sahara ne suka fita daban, su har lokacin na birni ne ke gaba. Wato mu muna farkon hanyar da wasu suka riga suka bi. Shekara guda bayan haka, a 2020, masanan suka sake nuna cewa matsalar kolestarol ta yi ƙaura: ta sauka a Yammacin Turai da Amurka, ta hau a gabashi da kudu maso gabashin Asiya, inda birane suka bunƙasa da sauri, abinci ya canza. Sun ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.9 a 2017, rabinsu a Asiya. Yankinmu yana cikin masu ƙarancin kolestarol a duniya har yanzu, alhamdulillahi. Amma a 1960 kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan Najeriya ne ke birni, yau sun haura rabi. Nijar har yanzu ba ta kai kashi 20 ba, sai dai duk wanda ya san Yamai ko Maraɗi shekara 20 da suka wuce ya san inda aka dosa.

Kuma in abin ya isa ƙauye, zai fi yi musu illa. Ɗan birni ko ba komai akwai ɗakin gwaji kusa da shi, akwai likita, akwai kemis. Mutumin ƙauye kuwa sai dai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, a ce iska ce ta buge shi ko an yi masa jifa, a yi ta turare har lokacin da asibiti zai iya taimako ya wuce.

Na san wani zai ce, "Ni shekarata 24, wannan ai zancen su Baba ne." Saurara. A 1953 likitocin sojan Amurka suka duba zukatan sojojinsu 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22. Kusan kashi 77 cikin 100 an samu alamun wannan taruwar maiƙo ta riga ta fara a jijiyoyin zuciyarsu. Samari ne majiya ƙarfi, sojoji. Abin da ke kayar da mutum a shekara 55, tun yana ɗan 20 aka fara aza tubalinsa. Shekarun nan da ka baro gida ka zo karatu ko ci-rani, kake ci a titi safe da dare, su ne shekarun da ake maganar. In ka haɗa da sigari ko shisha, ka ƙara wa wutar fetur, don hayaƙi yana saukar da HDL yana kuma raunata bangon jijiya.

Kada kuma siriri ya ce ya tsira. Akwai masu gadon abin, kusan mutum 1 cikin 250, waɗanda hantarsu tun haihuwa ba ta kwashe LDL yadda ya kamata. Irin waɗannan ko a ruga suke, ko ba su taɓa ganin shawarma ba, nasu zai yi sama. Idan a gidanku akwai wanda bugun zuciya ya kama da wuri, namiji kafin shekara 55 ko mace kafin 65, to kai gwaji ya zame maka dole, kuma ka ja 'yan uwanka ku tafi tare.

Gwajin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ka je asibiti ko ɗakin gwaji ka ce kana son gwajin kitsen jini, su suna ce masa lifid furofayil. Jini kaɗan za a ɗiba a hannu. Wasu wuraren za su ce ka zo da safe ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana ba da shawarar a fara daga shekara 20, a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 4 zuwa 6 in komai lafiya. Mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda, nasa ya fi haka yawa, likitansa zai faɗa masa.

In takarda ta fito, ka fara duba ma'aunin da aka yi amfani da shi, don iri biyu ne kuma suna rikita mutane. In ka ga mg/dL, ana son jimillar ta kasance ƙasa da 200, daga 240 kuwa ta yi yawa. LDL an fi son sa ƙasa da 100, TG ƙasa da 150, HDL kuma kada ya gaza 40 ga namiji, 50 ga mace. In kuma mmol/L aka rubuta, wanda ɗakunan gwajinmu da yawa ke amfani da shi, to 200 ɗin nan shi ne kusan 5.2, LDL 2.6, TG 1.7. Kada ka ga 5.8 ka ce "kai, ashe nawa ma bai kai goma ba." Ya haura. Ka kai wa likita ya haɗa da shekarunka da awon jininka da sukarinka da tarihin gidanku, don lamba ɗaya ba ta yanke hukunci ita kaɗai.

In ya ce abinci da tafiya sun isa, to ka san abin yi, kuma ba sai ka koma ƙauye ba. Gero da dawa da wake suna nan a kasuwar unguwarku, sau da yawa ma sun fi abin da kake ci araha. Fura ba sukari, ɗanwake da mai kaɗan, dafaffen wake, kwaɗon zogale, kifi a maimakon kitse, gyaɗa a maimakon biskit. Ka sauka daga adaidaita tun kafin a kai ƙofar gida ka ƙarasa da ƙafa. In kuma ya rubuta maka magani, irin su atobastatin da ake kira statin, ka sha yadda ya ce, kada ka ajiye don ka ji garau, tunda dama can garau kake ji. Tafarnuwa da zoɓo ba sukari abinci ne masu kyau, a ci a sha, amma ba sa maye gurbin maganin. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya tana wanke kitsen jini da basir da sanyi duk a haɗe, ku tambaye su ko sun taɓa auna jinin mutum ɗaya kafin ya sha da bayan ya sha.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya taɓa yin gwajin, ina son jin a wane gari ya yi da kuma nawa aka caje shi, don mu san inda ya fi sauƙi mu faɗa wa sauran. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.